Fashin Baƙi: Wace Waya Matafiyi Zai Riƙe Idan Zai Ƙetare?

Da zarar watan Sha'aban ya kama, ko aka fara shirin jigilar maniyyata, tambaya ɗaya ce ke yawo a rumfunan Farm Centre da na titin Beirut: "Malam, wace waya ce za ta yi a can?" Mai niyyar Umara yana yin ta. Ɗan Kwari mai zuwa Gwanzu sarin kaya yana yin ta. Haka wanda zai raka mahaifiyarsa asibiti a Alƙahira ko Indiya. Sau da yawa amsar da ake ba shi ita ce a miƙo masa mafi tsadar da aljihunsa zai ɗauka, ko kuma a ce ai kowace ma za ta yi. Babu wadda ta warware masa matsala a cikin biyun. Mai tsada tana iya ƙin karɓar layin ƙasar da ya je, mai sauƙin kuɗi kuma ta yi masa duk abin da yake so, in dai an duba abin da ya kamata a duba tun a gida.

Idan muka ce "wayata", abu uku muke haɗawa. Akwai ƙarfen da ke hannu. Akwai layin da ke cikinsa, wanda kamfani ke ba da sabis ta kansa. Akwai kuma lambar da banki ya sani, WhatsApp ya sani, 'yan gida suka haddace. A Kano ukun tare suke tafiya, shi ya sa ba ma lura da bambancinsu. Jirgi na ɗagawa daga filin Malam Aminu Kano suke rabuwa, kowanne ya fito da tasa rigimar.

Tun da GSM ta shigo Najeriya a 2001, tsari ɗaya galibinmu muka sani: ka sayi waya a kasuwa, ka sayi layi daban, ka sa kati, ka kira iya kuɗinka. Babu mai aiko maka da takardar bashi a ƙarshen wata. Wannan sabon ne ke ruɗar mutanenmu idan suka shiga manyan kantunan Amurka suka ga waya sabuwa dal a kwali, farashinta ƙasa sosai da na nan, an rubuta cewa ta masu sa kati ce. Mutum ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Bai san kamfanin layin ne ya biya wani kaso na kuɗinta ba, ya kuma kulle ta yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasa, har sai an yi watanni ana sa mata kuɗi. A can tana aiki lafiya lau. Ranar da ya dawo Kano, ko ya wuce wata ƙasar ya sa mata wani layi, sai ta nemi lambar buɗewa da ba shi da ita. Ingila ta hana kamfanoni sayar da kullallun wayoyi tun Disambar 2021, Kanada ma ta riga ta tun Disambar 2017, amma a Amurka har yanzu ana sayar da su, kuma da yawa daga cikin wayoyin hannu da ke shigowa kasuwanninmu daga can suke.

A nan ne maganar iPhone mai cip ta shigo. Kullalliya ce, an sa mata wani siririn faifai a ƙarƙashin sim da ke yaudararta ta karɓi layinmu. A gida tana lallaɓawa, kuɗinta kuma ya fi sauƙi. Amma kusan duk sauyin layi sai an sake saita ta, sabunta manhaja kuma yana iya wargaza shirin baki ɗaya. Wanda zai saita maka yana Tarauni, kai kuma kana Jidda da sabon layi a hannu. Ni dai ba zan ba matafiyi shawarar mai cip ba, komai kyanta.

Gwajin ba ya cin lokaci, kuma mai kaya na gaskiya ba ya jin haushinsa. Ka je da layi biyu na kamfanoni daban-daban. Ka ce, "Alhaji, a ba ni allurar in gwada." Ka zaro tiren ka duba babu wani abu a manne, ka sa MTN, ka jira sandunan sabis su hau, ka kira yaron shagon har wayarsa ta yi ƙara a gabanka. Ka cire, ka sa Airtel ko Glo, ka maimaita. Sannan ka danna *#06#. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar wayar da babu wata mai irinta. Ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, a kuma rubuta maka ita a rasit. Waya mai layi biyu IMEI biyu take nunawa. In ka ga wata doguwar lamba da EID a gabanta, wayar tana ɗaukar eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da katin roba ba. Idan iPhone ce, ka shiga Settings, General, About, ka gangara zuwa Carrier Lock. Abin da kake son gani shi ne "No SIM restrictions".

IMEI ɗin ba don ado ake duba ta ba. Wayar da aka kai rahoton an sace ta a Turai ko Amurka ana sa lambarta a baƙin kundi da kamfanonin can ke amfani da shi tare. Irin wannan tana iya shekara tana aiki a Kano ba a sani ba, ranar da ta koma Landan kuma layukan can su ƙi ta. Wanda zai je ƙasar da wayar hannu ta fito, shi ya fi kowa buƙatar tabbatar da asalinta.

Bayan kulle sai zango. Duk wanda ya girma da rediyo ya san akwatin da FM kaɗai yake kamawa ba zai jawo maka tashar gajeren zango ba, ko ka sa masa sabon batir. Waya ma haka take. Kowace ƙasa tana da zangunan da ta ware wa kamfanoninta, kowace waya kuma tana da waɗanda aka ƙera ta ta kama. 4G ɗinmu a Najeriya tana tafiya ne a kan zango na 3, 7, 20 da 28. Sa'ar da muka yi ita ce zango na 3 ya game Saudiyya, Dubai, Masar, Turkiyya da Turai, saboda haka Tecno, Infinix, Redmi ko Samsung da aka saya a nan, in dai mai 4G ce, za ta kama a waɗannan wurare ba tare da wahala ba. A Chaina layin China Unicom ya fi dacewa da wayoyin da aka shigo da su daga waje. Inda ake shan mamaki shi ne Amurka da Kanada. Su zangunansu daban ne, irin su 2, 4, 12, 13, 66 da 71, kuma wayoyi masu sauƙin kuɗi da aka yi wa kasuwar Afirka galibi ba su da mafi yawansu. Mai zuwa can ya nemi cikakkiyar lambar samfurin wayarsa ya duba zangunanta a intanet, domin suna ɗaya yana iya zuwa da samfuri daban-daban gwargwadon yankin da aka yi wa.

Akwai wata al'ada da muka daɗe da ita, wadda nake ganin lokacin sake duba ta ya yi. Dattijo zai tafi, sai 'ya'yansa su saya masa ƙaramar waya mai tocila, su ce ita ce ba ta da rikici, cajinta yana kwanaki, ko ta ɓata ba a yi asara ba. Hujjojin duk gaskiya ne. Sai dai mafi yawan waɗannan ƙananan wayoyi 2G kaɗai suke kamawa, duniya kuma tana ta kashe 2G da 3G don ta ba sababbin tsare-tsare fili. Japan da Koriya ta Kudu ba su taɓa yin irin 2G ɗinmu ba. Singafo ta kashe tata a 2017. Ostireliya ta kashe 2G, ta bi da 3G a 2024. Manyan kamfanonin Amurka uku sun rufe 3G a 2022. A Indiya, Jio, wanda ya fi kowa yawan masu layi, tun da ya fara a 2016 bai taɓa yin 2G ko 3G ba. Ga mai zuwa Maraɗi ko Damagaram ko Njamena, ƙaramar waya tana nan da amfaninta. Ga mai zuwa ƙasar da babu 2G, tocilar ce kawai za ta yi masa aiki.

Ko a Saudiyya, inda za ta iya kama sabis, ba ta isa ita kaɗai ba. Izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake nemansa. Wanda ya ɓace tsakanin tantunan Mina, waɗanda duk kamarsu ɗaya, abin da ke saurin dawo da shi shi ne ya tura wa jagoransa wurin da yake tsaye ta WhatsApp. Ƙaramar waya ba ta yin ko ɗaya. A riƙe ta a matsayin ta biyu, wannan dabara ce mai kyau, amma kada ta zama ita ce kaɗai.

Rufe 2G da 3G ya haifar da wata matsalar da ko masu babbar waya take kamawa. Wayoyi da yawa data kaɗai suke yi a kan 4G. Da ka danna kira sai su sauka 3G ko 2G su yi maganar, su koma. A ƙasar da babu inda za a sauka, sai ka ga intanet yana gudu amma kira ya ƙi fita. Maganin shi ne VoLTE, wato kira a kan 4G ɗin kanta. Ka duba a saitin layi ko wayarka tana da shi. A Amurka ma samunsa bai wadatar ba, domin kamfanin layi na AT&T yana da jerin wayoyin da ya amince da su, wadda ba ta ciki ba ya ba ta kira.

Sai maganar gurbin layi, kuma a nan mutumin Kano ya riga matafiyan wasu ƙasashe sabawa, tunda mun daɗe da waya mai layi biyu. Ita ce ta dace da tafiya: layin gida a gurbi ɗaya, na ƙasar da ka sauka a ɗayan. Masu iPhone su lura. Daga iPhone 14 ta 2022 zuwa gaba, samfurin Amurka ba shi da tiren sim kwata-kwata, eSIM kaɗai yake ɗauka. Samfurin da aka yi wa kasuwar Chaina kuma ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar sim biyu na roba, babu eSIM. Wanda ya riƙe ta Amurka ya sauka inda ƙaramin shago sim na roba kaɗai yake da shi, sai ya nemi babban ofis.

eSIM layi ne da ake saukewa cikin waya ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR, babu abin da ake sakawa. MTN ya fara bayar da shi a nan tun 2020. Akwai kuma kamfanoni irin su Airalo da Holafly da ke sayar da eSIM na matafiya: ka zaɓi ƙasa, ka biya, ka sauka da data a shirye. Yana da daɗi ga mai tafiyar mako ɗaya ko mai ratsa ƙasashe da yawa. Amma galibinsu data ce zalla, babu lambar da direba ko otal zai kira ka da ita, ana biya da kuɗin waje, ba kowane katin banki ne zai wuce ba, kuma mafi yawan wayoyi masu sauƙin kuɗi ba sa ɗauka. In za ka yi, ka saya ka sauke tun kana gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan batu shi ne lambar gida, domin ita ce ake wasa da ita, ita ce kuma asararta ta fi ciwo. Lambar nan an ɗaure ta da NIN, an ɗaure ta da BVN, ta nan alat ke shigowa, ta nan banki ke turo OTP. Ɗan kasuwa yana tsaye a gaban mai kaya a Santambul ko Dubai, yana so ya tura wa ɗan canji a Wapa naira don a biya masa a can, banki ya tura lambar sirri zuwa layin da ya bari a aljihun wata riga a Kurna. Ciniki ya tsaya. Wasu suna barin layin a hannun ƙani ko yaron shago ya riƙa karanto musu. Wannan miƙa makullin asusu ne, kuma ko mutumin mai amana ne, wayar da layin ke ciki tana iya faɗuwa a hannun wanda ba shi da ita.

Abin da ya fi shi ne ka tafi da layinka. Kafin tafiya ka tabbatar wajen kamfaninka cewa romin a buɗe yake, kuma suna da abokin hulɗa a ƙasar da za ka. Romin aro ne: wayarka ta hau turken wani kamfani, shi ya caji kamfaninka da kuɗin waje, kamfaninka ya cire a katinka da naira. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a Yunin 2023, duk abin da ake lissafawa da dala ya ƙara nauyi, har da wannan. A romin ko kiranka aka yi kana biya, saboda sai an bi ka da kiran har inda kake. Karɓar saƙon tes ne galibin kamfanoni ba sa caji, shi ne kuma abin da kake buƙata. Saboda haka ka bar layin gida a kunne, ka kashe masa data, ka sa wayar ta riƙa jan data da yin kira daga ɗaya layin. In ba ka kashe ba, manhajoji suna sabunta kansu cikin dare, hotuna da bidiyon zaurukan WhatsApp suna sauka, ka wayi gari kati ya ƙare ba ka kira kowa ba. Lambobin tauraro da muke dannawa mu yi tiransifa ma ba koyaushe suke tafiya a waje ba, don haka manhajar bankinka ta kasance a wayar, ka kuma shiga ka gwada ta. Wanda ya sayi sabuwar waya saboda tafiya ya kwashe komai zuwa cikinta tun da sauran kwanaki, domin wani bankin sai ka je reshe kafin ya amince da sabuwar na'ura.

Ka sa wa sim ɗin lambar sirri ta PIN, yadda ko an zare shi an sa a wata wayar ba zai buɗe ba. Ka ajiye lambar PUK, wadda ke buɗe shi in ya kulle, a wuri daban, domin kuskure uku ke kulle shi. In layin ya ɓata kana waje, welkam bak sai ka dawo ka tsaya da kanka a ofis. Ɗalibai da masu daɗewa su san cewa layin da ya yi kimanin wata shida ba kira, ba kati, ba data, kamfani yana da damar yanke shi, daga baya ya sayar wa wani, alat ɗinka ya koma hannun baƙo. Sa ɗan kati lokaci-lokaci yana hana haka. WhatsApp kuwa yana nan a kan lambarka ta gida ko ka sa sabon layi. Kada ka sauya masa lamba, ka dai kunna masa PIN mai alƙaluma 6.

Layin ƙasar da ka je shi ne mafi araha ga duk wanda zai wuce 'yan kwanaki. A Saudiyya akwai STC, Mobily da Zain, suna da rumfuna a filayen jirgin Jidda da Madina, ana yin rajista da fasfo da zanen yatsa. A Chaina sai ofishin kamfani da fasfo. A Indiya fasfo da biza, wani lokaci da hoto, kuma layin yakan ɗauki sa'o'i kafin ya tashi. A Ingila babu rajista, kanti za ka shiga ka ɗauki Lebara ko Lycamobile. Layin da aka saya a ƙasa ɗaya ta Tarayyar Turai yana aiki a sauran ba ƙarin kuɗi tun Yunin 2017, sai dai Ingila ta fita daga wannan tsari. Duk inda ake rajista, ka yi da sunanka. Layin da wani ya tare ka da shi a bakin otal, mai rajistar mutumin da ba ka sani ba, ana iya rufe shi gobe da kuɗinka a ciki, kuma ba ka san abin da aka aikata da shi a baya ba.

Wasu ƙasashen suna da nasu sharuɗɗan. A Dubai saƙon WhatsApp yana tafiya amma kiransa a toshe yake, BOTIM ake amfani da shi. Gara 'yan gida su sauke tun kafin ka tashi. A Chaina layin ƙasar ba ya buɗe WhatsApp, Facebook ko Google, WeChat da Alipay ne ke tafiyar da magana da ciniki, amma datar romin ko eSIM na waje tana buɗe su saboda ta ƙasar layin take zagayawa. Wayar da aka saya a kasuwar cikin gida ta can kuma sau da yawa ba ta zuwa da Play Store. Turkiyya tana rufe wayar da aka shigo da ita daga waje bayan kwana 120 da layin ƙasar, sai an yi mata rajista an biya haraji mai nauyi. Masar ta fara irin haka a Janairun 2025, da wa'adin kwana 90. Ɗan kasuwa mai mako biyu bai damu ba, amma ɗalibin Azhar da mai doguwar jinya ya shafe su. Masu bin hanyar Jibiya, Kongwalam ko Maigatari kuma su lura da sunan kamfanin da ke saman allon waya, don a bakin iyaka tana iya tsallakawa turken Nijar tun mota ba ta tsallaka ba.

Batir ya fi kyamara muhimmanci. Mai 5,000mAh ya zama gama-gari ko a wayoyi masu sauƙin kuɗi, kuma ya kamata a nema. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50. Waya a irin wannan rana takan yi zafi ta ɗauke, don haka a cikin jaka take zama, ba a hannu ba. Fawa-bank a jakar hannu ake shiga da shi jirgi, ba a akwatin awo ba, kuma iyakar da aka saba ita ce 100Wh. Mai 20,000mAh yana wajen 74Wh, bai kai iyakar ba. Kamfanin jirgin Emirates ya hana amfani da shi a cikin jirgi daga Oktobar 2025, Chaina kuma tun Yunin 2025 ba ta barin wanda ba shi da tambarin 3C ya hau jiragen cikin gida. Soket ɗin Saudiyya, Dubai da Ingila irin namu ne mai ƙafa uku. Masar, Turkiyya da Nijar mai ƙafa biyu zagayayyu suke amfani da shi, Amurka mai ƙafa biyu fale-fale, sai an riƙe adafta. Caja mai rubutun 100-240V tana aiki ko'ina.

Idan dattijo ne zai tafi, aikin na 'ya'ya da jikoki ne, kuma ba a daren tafiya ake yin sa ba. A ƙara girman rubutun allo. A ajiye lambobin gida da +234 a gaba, a cire sifilin farko, in ba haka ba daga layin waje ba za su shiga ba. In dattijuwa ce, a zauna da ita a ce, "Hajiya, danna nan ki riƙe, ki yi magana, ki saki," har hannunta ya saba da tura saƙon murya, sannan a nuna mata yadda ake tura wurin da take. A ɗauki hoton fasfo da biza a bar su a cikin wayar. Lambar jagora, sunan masauki da lambar mutum biyu na gida kuma a rubuta su a takarda da manyan baƙaƙe, a sa a 'yar jakar da take ratayawa. Layin baƙi da za ta saya a can yana da wa'adi, yakan mutu bayan an dawo, saboda haka kada a ɗaura masa banki ko WhatsApp, kada kuma a ajiye shi da fatan zai yi aiki a Umarar baɗi.